Hajiya Mariama da Kwanon Ruwanta

Ke uwa mai karanta wannan, ki ji ni da kyau. Idan wata mace ta fara koya wa 'yarki abin da ke ba ki iya ba, kada ki zauna a gida kina cewa ai wasa ne. Ki ɗauki mayafinki ki bi su. Ni zama na yi, ga shi yau ina rubuta ta'aziyyar matar da 'yata ta yi wa kukan da ban tabbata za ta yi mini irinsa ba.

Ranar Talata da hantsi ina guga a gidanmu da ke bayan titin Gate City Boulevard, nan ƙasar Turawa da muke zaune, 'yata Bilkisu ta kira ni daga asibitin da take aikin jinya. Da Hausa ta yi magana, shi ya sa na san ba lafiya ba tun ba ta ƙarasa ba, domin tun tana firamare ni da Turanci take amsa mini. Ta ce, "Momi, Inna ta rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kashe dutsen guga na zauna. Hajiya Mariama ke nan, mutuniyar Damagaram, wadda ciwon zuciya ya kwantar a ƙarshen bazara. Ita ce Inna. Ni da na haifa, Momi ce.

Mijinta direban babbar mota ne. Kafin rasuwarsa ya sayi motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da firji da banɗaki, ya ajiye ta a filin gidansu a McLeansville. Da ta fita takaba kowa ya ce ta sayar. Ta ƙi. Ta koyi tuƙinta, ta riƙa kwasar yaran unguwa lokacin hutu tana kai su zango a bakin tafki ko kan duwatsu. Na faɗa mata a gaban idonta cewa bai dace mace mai shekarunta ta bar gida mai tushe tana kwana a kan taya ba. Ta yi dariya ta ce, "Bakanuwa, ke ko Aljanna aka ce a mota za a tafi, sai kin tambayi wa ya ba direba izini."

Ba zan rage mata komai ba don ta sha gabana. Wani iyali da suka iso daga Nijar babu masauki, a motar nan suka ci sanyi guda, ita ke kai musu abinci, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai daga bakinsu muka ji. Idan mace ta rasu a cikinmu, ita ce ta fara isowa da turare da likkafani. Ba ta gulma. Na sha ba ta dama, ba ta ɗauka ba.

Amma a motar nan Bilkisu ta koyi Hausa, kuma ba tawa ba. Na yi shekaru ina fama, har da hana kallon talabijin, ban samu ko "na'am" ba. Hutu ɗaya ta yi da Hajiya Mariama ta dawo tana ce wa likita lokotoro, tana ce mini "dakor", wato "to" da Faransanci, idan na aike ta. 'Yar Kano, jikar Kanawa! Mutane suna yaba mini wai 'yata ta iya harshe. Ina amsawa da godiya, abin yana ci na a rai.

Sau ɗaya na bi su. Wurin da aka ba mu a zangon gangare ne, har ƙofar banɗaki tana buɗe kanta, miyar da na ɗora ta taru a gefe guda na tukunya. Hajiya Mariama ta sake tayar da motar, ta juya ta har hancinta ya kalli gangaren. Motar a kan jakunkunan iska take zaune, ɗaya kusa da kowace ƙafa, ana ƙara musu iska ko a rage daga wurin direba. Ta cika kwanon sha da ruwa ta ajiye a tsakar motar, ta ce wa Bilkisu, "Ɗiyata, duba mini inda ruwan ya taru." Tana sace iskar ɓangaren tudu, tana ƙara wa na gangare, motar tana huci kamar saniya, Bilkisu tana durƙushe tana cewa, "Saura hagu, Inna. Kaɗan. Ya yi!" Da iskar ta kai iyakarta gaban bai gama tasowa ba, sai suka fita suka jera katakai, ta hau da tayoyin gaba a kansu.

Dokokinta na wannan aiki ba ta wasa da su. Ba a shiga ƙarƙashin mota tana tsaye a kan iska, domin iska ba ta yi wa kowa alkawari ba. Ba a barin firji yana aiki a karkace, lalacewa yake yi. Wadda ta fi nanatawa kuwa ita ce: "Gaba ake ɗagawa. Ƙafar baya ita ke riƙe da birki, ranar da ta bar ƙasa, ranar za ku tsinci kanku a tafki." Ina zaune da carbina ina kallonsu, su biyu suna fahimtar juna da ɗaga yatsa. Ba wanda ya ce in riƙe ko da katako. Ban sake bin su ba.

Da ciwo ya tsananta, ta kira ɗanta Mahamadu ya zama shaida, ta miƙa wa Bilkisu makullin motar kyauta. Bilkisu ta zo mini da maganar cewa za ta karɓi aikin jinya na yawo, wata uku a wannan jiha, wata uku a waccan, tana kwana a motar. Na ce muddin ina numfashi, budurwa ba za ta fita daga gidana ta zauna a kan titi ba. Ta ce "oke" ta shige ɗaki. Daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. A haka rasuwar ta same mu.

Ranar sadakar uku gidan McLeansville ya cika, aka ce mata masu girki su koma cikin motar. Ta daɗe ba a tayar da ita ba, iskar gefe ɗaya ta zurare, ta karkace kamar mai ciwon ƙugu. Mahamadu ya ce shi tirela ya sani, wannan sai Bilkisu. Ta hau, ta tayar, ta jira iska ta taru, ta juya hancin motar ya kalli gangaren filin. Sannan ta ɗauko kwanon nan ta cika shi, ta tsaya da shi a hannu tana duban wurin da ta saba durƙusawa. Yanzu ita ce a kujerar direba, babu mai duba mata.

Ta ce, "Momi, zo ki duba mini."

Na ce, "Ni me na sani a ciki?"

"Ruwa ne kawai. Inda ya taru ki faɗa."

Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ciwo. Na ce dama, ta ƙara. Na ce ya yi yawa, ta rage. Na ce bayan ma ai ya yi ƙasa, ta ɗaga shi mana mu huta. Ta girgiza kai. "Ba a ɗaga baya." Sannan ta ce, "Kin san duk sanda na kai ƙararki wurin Inna abin da take cewa? Sai ta ce, ni gaba ce, ni ake ɗagawa a yi hoto. Bakanuwar nan ita ce ƙafar baya. Kada ki kuskura ki raba ta da ƙasa."

Ruwan ya kwanta daidai da bakin kwano ta kowane gefe. Ban ɗago da wuri ba.

Kada a ɗauka kishin ya tafi. Har wannan maganar ma, da ta sa 'yata ta dube ni, daga bakinta ta fito ba daga nawa ba, kuma ta tafi inda ba zan iya mayar mata da amsa ba. Ta riga ni a Hausar 'yata, ta riga ni a hawayenta, yanzu ta riga ni zuwa gaban Ubangiji da aikin da na san ya fi nawa.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Mariama, Ka yafe mata, Ka yalwata kabarinta, Ka daidaita mata makwanci kamar yadda ta daidaita wa bayinKa. Ka ba Mahamadu da 'yan'uwanta na Damagaram haƙuri. Ka sa Aljanna ce makomarta, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Bilkisu za ta tafi bayan Sallah. Na yarda, amma da doka, kuma na faɗa mata a gaban babanta. Duk inda ta yada zango, kafin ta ɗora tukunya, kafin ta shimfiɗa sallaya, za ta kira ni ta bidiyo ta nuna mini kwanon. Ni zan ce dama ko hagu. Ba ta kashe mota sai na ce ya yi. Kuma da Hausa za a yi, ko da ta Damagaram ce.