Matar Jikin Bango

Tsohon da nake jinya a gidansa na unguwar St. George ba shi da abin so irin tsofaffin fastocin yaƙin duniya, waɗanda gwamnati ta buga tana roƙon jama'a su ranta mata kuɗin yaƙi. Masu tara irinsu har waya suke bugowa, yana korarsu. Akwai ɗaya daura da gadonsa, wata mata rungume da jariri. A jikinta na fara haɗa baƙi da girmana, ina karantawa yana gyara mini, ina ce masa ya rage tsawa, ni ba jikarsa ba ce.

Tun da ƙwaƙwalwarsa ta fara gushewa ya mai da matar nan uwarsa. Da safe ya gaishe ta, ya kai mata ƙarata.

Ba a barinsa shi kaɗai, don haka a ɗakin nake salla, ga hoton a alƙibla. Ina jira ya yi barci in rufe hoton da mayafi. Ranar nan da farin mayafi na rufe shi. Ina sujada na ji ihu.

"Ta mutu! Wa ya lulluɓe ta? Ba a faɗa mini ba!"

Na sallame, na fizge mayafin. "Baba, ga ta nan, lafiyarta ƙalau!" Ina! Kuka yake har da shessheƙa.

Da 'yarsa ta zo na faɗa mata komai, na shirya wa faɗa, don ni faɗa ba ya ba ni tsoro. Sai ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, wai ba ta san hoton yana takura wa ibadata ba.

Ranar Litinin na sauko daga jirgin ruwan da ke kawo ni aiki, na shiga gidan, na tarar da bango fayau, sai ƙusa.

"Ina hoton?" na tambayi 'yarsa.

"Na sayar. Yanzu kya yi sallarki a sake."

"Wa ya aike ki? Akwai baranda, akwai kicin! Ki je ki karɓo!"

Ta ce mai saye ya riga ya wuce da shi wata jiha.

Na shiga da kokonsa. Ya dubi ƙusar, ya dube ni.

"Ke da kike nan kullum, ta ce miki ina za ta?"

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, cokali kawai na miƙa masa. Ya kau da kai.