Ranar da Taubashina Ya Zo Gwada Wuƙa a Hannun Jarumin Fim

Na yi yawo a duniya, na ga abin tsoro a hanyar Agadas, na ga na dariya a Kwatano, amma idan aka ce in zaɓi rana ɗaya da ba za ta taɓa fita daga raina ba, to a nan gida ta same ni, a bakin tafkin Madarunfa.

Wasu masu shirya fim ne suka zo daga wata ƙasa ta bakin teku za su ɗauki hoto a tafkin. Babban ɗan wasansu shi ne wanda yaranmu ke kallo a salula, mai jar riga, mai tashi sama, wanda harsashi ke bugun ƙirjinsa ya faɗi ƙasa, takobi kuma ya lanƙwashe a jikinsa. Mutanen meri, wato ofishin magajin gari, suka ce in yi musu tafinta, tunda ina jin Faransanci.

Ban je da kyakkyawan zato ba. A Ikko na taɓa ganin wani ɗan wasa irin wannan, matasa sun yi layi cikin rana suna jiransa, ya fito ya ce wa direbansa da Turanci duk mai kallon wannan shirme ba shi da aikin yi. Bai san ina ji ba. A Abijan wani ya goge hannunsa da hankici bayan ya gaisa da masoyansa. Sai na ɗauka duk halinsu ɗaya.

Ina da taubashi a Gabi, ɗan tauri ne tun ƙuruciya, yanzu gemunsa ya yi fari. Jikokinsa suka nuna masa fim ɗin, wanda aka fassara da Hausa, ya kamu da son jarumin fiye da su. A wurinsa babu wani dabo a ciki. Ya ga mutumin da ƙarfe ba ya ci, ya gane nasa ne. Su kuwa ƴan tauri irinsa, idan manya biyu suka haɗu, girmamawa ce kowa ya miƙa hannu ɗan'uwansa ya goga masa wuƙa. Wanda ya ƙi ya raina ka.

Da hantsi, an huta da aiki, ɗan wasan yana zaune ƙarƙashin itace jama'a suna zuwa gaishe shi. Sai na hango taubashina yana ratsa mutane, wuƙarsa a kube.

"Kai tsohon banza, mi ya fiddo ka daga Gabi?" na ce.

"Gafara can, bawana. Wurin ɗan'uwana na zo, ba wurinka ba."

Ya miƙa wa baƙon hannu suka gaisa, amma bai saki ba. Ya yi masa kirari, baƙon yana ta murmushi bai fahimci komai ba.

"Yau kuma mi ya samu bakinshi? A salula da Hausa yake magana."

"Taubashi, wani ne ke yi mishi maganar."

"To hwaɗa mishi Gabi ta zo gaisuwa. Ni zan fara, sannan shi ya gwada tashi wuƙar."

Ya zare wuƙar. Na san wuƙar nan, da ita yake fiɗar rago da salla. Hannun baƙon yana cikin nasa, jandarma guda yana tsaye nesa kaɗan ya fara waiwayowa. In na fizge taubashina a gaban jama'a na tozarta shi, kuma tsohon nan in ya fusata ba ya jin kira. In na yi shiru jini zai zuba. Na juya na gaya wa baƙon gaskiya da Faransanci, da sauri, har harshena na sarƙewa: wannan dattijo yana sonka, ya yarda ƙarfe ba ya cinka, yanzu zai gwada.

Na jira ya yi ihu, ko ya kira jandarma, ko ya tuntsire da dariya, wadda ita ce ta fi muni. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sauko daga kujerarsa ya durƙusa, hannunsa na nan a riƙe. Da ɗaya hannun ya nuna wani tabo a babban yatsansa.

"Ka ce wa baba, gwangwanin sardin ne ya yi mini wannan. Ka ce masa ko allura aka zo yi mini rufe ido nake."

Na fassara. Baƙon ya sa aka kawo takobin da ake saransa da shi a fim, ya naɗe shi a hannu kamar bulala, ashe roba ce. Ya ce in roƙi baba gafara, gaisuwar da ya zo da ita ta fi ƙarfinsa, shi mai ba da labari ne kawai, kuma bai taɓa samun wanda ya ɗauki labarinsa da daraja haka ba.

Taubashina ya daɗe yana kallon yatsan nan. Can sai ya saki hannun, ya mai da wuƙa kube.

"Ashe yaron ga babu komi a jikinshi? Kuma yake tsayawa ana sararshi? Hwaɗa mishi ya zo Gabi in jiƙa mishi magani. Haka uwayenshi suka sake shi duniya tsirara?"

Nan jama'a suka fashe da dariya, har da baƙon bayan na fassara masa. Ni kuwa zama na yi a ƙasa.

Abin da na koya a ranar shi ne, wanda yake sonka saboda abin da ba kai ba ne, ana iya gaya masa gaskiya ba tare da an kunyata shi ba. Sai dai kafin ka faɗa, ka fara saukowa daga kujerarka.