Gaisuwar Samaru a ofishin Balarabe

"Yaya Madam? Ta tashi lafiya?"

Haka na tambayi shugaban sashenmu, ban daɗe da kama aikin koyarwa a Oman ba. Nan take fara'arsa ta ɗauke, ya mayar da kai kan takardunsa. Kuma shi ne mai sa hannu a tabbatar da ni a aikin.

Wani abokin aiki Basudane ya ja ni gefe. "Ustaz, ka san matarsa ne?"

"Ko mayafinta ban taɓa gani ba."

"To ina ruwanka da tashinta? A nan 'yaya gida' ake cewa, a yi shiru."

Na ce masa mu a Samaru, in ba ka tambayi uwargida da yara da gajiya, har da motar da ke wajen bakanike ba, sai a ce gaba kake da mutum.

Ya ce, "Motar kam tambaya, ba ta da muharrami."

Washegari na tambayi shugaban lafiyar motarsa. Har gahawa ya sa aka kawo min.

Na zo da zaton tunda alƙiblarmu ɗaya, gaisuwarmu ma ɗaya ce. Ku da kuka zauna a waje, wane ladabin gida ne ya taɓa ja muku?