Jar Rigar Nosakhele

Shekara talatin da huɗu Nosakhele ta yi tana noman wiwi a wani kwari da ke bayan ƙauyensu, can gefen garin Lusikisiki, ba a taɓa kama ta ba. Ba dabara ta fi kowa ba, tsoro ta fi kowa. Mijinta ya tafi haƙar zinariya da ƙarfinsa, ya dawo da tari a ƙirji, bai ga damina biyu ba ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya huɗu da gonar da masararta ba ta wuce gwiwa. Surukarta ce ta sauka da ita kwarin, ta kwance iri daga bakin zane ta zuba mata a tafi, ta ce, "Ki shuka a tsakiyar masara. Kada ki sha, kada ki faɗa wa yara sunansa."

Haka ta yi. Idan jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu ya zo feshin kashe shuka, sai ta lafe a ƙarƙashin dutse har ƙarar ta wuce, sannan ta fito ta yi ta kwarara ruwan rafi a kan ganyen, ko wasu za su tsira. Masu saye da ƙafa suke zuwa, su taya a wulaƙance, ta sallama don ba ta da bakin musu. Da wannan ta raini 'ya'yanta, da shi ta kai jikarta Yolisa har jami'a.

Amma da za ka tambayi mutanen garin wace ce Nosakhele, babu mai ambaton kwari. Cewa za su yi mai jar riga ce. Matan cocinsu suna da taron addu'a kowace Alhamis, kuma ba kowace mace ake sa wa jar rigar ƙungiyar ba, sai an daɗe ana duba halinta, sannan a sa mata a gaban jama'a. Da rigar ake zuwa gaida marar lafiya, da ita ake yin gaba a jana'iza, a cikinta ake binne mace. Wadda ta jawo abin kunya a fili kuwa, karɓewa ake yi. Rabin matan nan suna da nasu kwarin. Kowa ya sani, amma ba wanda ya gani, kuma a nan zancen yake tsayawa. Nosakhele ba ta da shanu, ba ta da ɗakin bulo. Rigar nan ce abin da ta tara.

Wata rana da hantsi tana tsintar wake a ƙofar ɗaki, sai ga Yolisa a guje da waya a hannu. Ta gama jami'a ke nan, ba ta sami aiki ba, kullum idonta yana kan wayar. Makhulu take kiran tsohuwar, wato kaka da harshensu.

"Makhulu! An halatta! Babbar kotun ƙasa ta halatta wiwi!"

"Ke sarkin gaggawa, ajiye abin nan ki taya ni tsinta. Jiya ma ai cewa kika yi za a yi ruwa."

"Da gaske nake. Ga shi nan a rubuce, ba sauran kamu."

Tsohuwar ta tsayar da hannunta a cikin waken. "Kin karanta da kyau, 'yar nan?"

"Haba, Makhulu! Digiri fa gare ni."

Kan labarin kawai ta karanta, da layi biyu na ƙarƙashinsa. Da ta ja yatsa ƙasa kaɗan, da ta ga sauran. Ba ta ja ba, ta tafi gaya wa maƙwabta.

Nosakhele ta yi kwana uku tana juya maganar. Ba kuɗin ne ya fi damunta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ta zauna a kasuwa kamar kowace mace, da kayan guminta a gabanta, ta faɗi farashi da bakinta. Ranar da tsofaffi ke karɓar fansho ta cika farin bokiti da busasshen ganyen da ta ɓoye a rufin ɗaki, ta hau motar haya zuwa gari. Ko murfi ba ta sa ba. Ta shimfiɗa buhu tsakanin mai kabeji da mai lemo, ta fito da gwangwanin awo.

"Mama Nosakhele, kin sha ne yau?" in ji mai kabeji, tana jan kayanta gefe.

"Ke dai ba ki da mai digiri a gida, shi ya sa."

Ita da kanta ta kira ɗan sandan da ya zo wucewa. "Ɗana, zo ka gani. Yau ba gudu, ba ɓuya."

Ɗan sandan ya leƙa bokitin, ya waiga, ya rage murya. "Mama, rufe. Don Allah rufe da zanenki ki tashi."

"In rufe me? Ba ka ji labari ba? Ko ku ba a ba ku waya ba?"

Kafin ya sake magana shugabansa ya iso, mutane sun kewaye su, wayoyi sun tashi sama ana ɗauka. Ɗan sandan ya rasa yadda zai yi. Shi ya riƙe mata hannu ta hau bayan mota, yana ta cewa, "A hankali, Mama."

Kwana biyu ta yi a tsare. A kotu alƙali ya yi mata bayani a natse: abin da aka yarda shi ne baligi ya shuka a keɓe don amfanin kansa, sayarwa kuwa laifi ne jiya, laifi ne yau.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ni ban taɓa sa shi a baki ba. Wato mai sha an yafe masa, mai noma don yara su ci ita ce mai laifin?"

Aka yi dariya a kotun. Yolisa tana bencin baya, ba ta yi ba. Alƙali ya duba shekarun tsohuwar, saba'in da ɗaya, ya yanke mata ɗaurin shekara biyu, ya jingine hukuncin na shekara biyar muddin ba ta sake ba. Mutane suka ce ta yi sa'a. Ita ta san ba a gama ba, domin hoton bokitin ya riga ta isa ƙauye.

A mota Yolisa ta fara, "Makhulu, ni ce..."

"Ke kika cika bokitin? Share hancinki, mutane na kallo."

Ranar Laraba Nofezile, shugabar matan ƙungiya, ta zo. Kwarinta yana iyaka da na Nosakhele, sun sha lafewa a ƙarƙashin dutse ɗaya. Ta zauna a bakin gado, ta yi zancen ruwan sama, ta yi zancen ciwon ƙafa, ta kasa zuwa ga abin da ya kawo ta. Nosakhele ta tashi ta ɗauko rigar. Tun safe ta wanke ta, ta goge, ta ninke.

"Har yaushe?"

"Dattawan coci sun ce sai shekarun kotu sun cika." Nofezile tana kallon ƙasa. "Na yi magana, ƙawata. Na rantse na yi."

"Biyar ke nan."

"Biyar."

Nosakhele ta shafa wuyan rigar da babban yatsa, ta ɗora ta a cinyar ƙawarta.

"Ki sa mata kafur," ta ce, "kada asu ya ci."