Sashen Gargaɗi

Safara'u ɗiyar wani manomin albasa ce a Jiga Birni. Da ta gama karatun kwamfuta, sai ta samu aiki a Jega, a wani ƙaramin kamfani mai manhajar da ke kunna injin ban ruwa ta waya. Ita ke kula da fayilolin bayanin manhajar, kuma suna da yawa, don kowane irin inji da nasa. Da gyara ɗaya bayan ɗaya ya ishe ta, sai ta rubuta wani ɗan shirin kwamfuta mai nemo kan sashe a duk fayilolin, ya sauya abin da ke ƙarƙashinsa lokaci guda.

Wata safiya mai kamfanin, Alhaji Naziru, ya zo ya tsaya a kanta. Ya ce, "Sashen ga na gargaɗi, cire shi. Korar masu saye yake yi."

Ta ce, "Alhaji, shi ke faɗa musu injin kan tashi da kansa in sabis ya dawo. Wani na iya kasancewa hannunsa na ciki."

Ya jawo kujera, ya sa ta nuna masa yadda shirin ke aiki, ya danna da kansa. Gargaɗin ya ɓace daga kowane fayil.

Ran Juma'a ta je gida ta ja wa mahaifinta kunne kan injin, don shi ma yana amfani da manhajar. Amma manoman Maiyama da suka sayi manhajar, ko ɗayansu ba ta sani ba. Ta ajiye aikin kafin noman rani ya kankama. Har yanzu in ta ji an ce an kawo wani asibiti daga fadama, sai ta tambaya ko injin ban ruwa ne ya ji masa rauni.