Motar Baa da Tudun Iya

Ranar da mahaifina ya ce ya daina zuwa asibiti, a kan kujerar roba muke ɗauke da shi, ni da wasu maƙwabta. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kama shi gab da damina. Hannun dama da ƙafar dama suka daina yi masa biyayya, likita ya ce a riƙa kai shi gashin ƙashi duk mako, in ba haka ba hannun zai ƙage. Da farko keke napep kan zo har ƙofar gida. Da ruwa ya sauka sai layinmu na Ajilari ya koma abin da ya saba komawa, baƙin caɓi mai santsi wanda ke cire wa mutum takalmi ya riƙe. 'Yan keke suka ce iyakarsu bakin kwalta. Shi ya sa muka koma ɗaukar Baa a kujera.

A tsakiyar layi ƙafar mutumin da ke gaba ta zame. Kujera ta karkace, Baa ya sulale ya zauna daɓas a cikin caɓi, babbar rigarsa ta baje a kan ruwa. Matan da ke leƙe ta ƙofa suka ɗauki salati. Bai ji ciwo ba ko kaɗan, amma na ga fuskarsa, kuma da a ce ƙashi ya karye da ya fi masa sauƙi. Murya ƙasa-ƙasa ya ce mu mayar da shi gida.

Da muka kwantar da shi ya dube ni ya ce, "Ni da na ƙare ƙuruciyata ina loda buhunan kifi, yau ni ne buhun? In mota ba ta zo ƙofar ɗakina ba, babu inda za ni."

Na yi lallashi, na yi wa'azi, daga baya na ɗaga murya, don ni mutum ne mai saurin hawa kuma a wurinsa na gada. Iya, mahaifiyata, ta yi kuka. Bai motsa ba. Mako ya zagayo, wani ya biyo, yatsunsa suka fara lanƙwashewa zuwa tafin hannu. Duk safiya in na shiga gaishe shi hannun nake fara kallo, kuma tsoro ne yake kama ni.

Mota kuwa muna da ita. Tsohuwar a-kori-kura ce mai shan gas, wadda Baa ya yi fataucin bandar kifi da ita kafin hanya ta lalace ya ajiye sana'ar. Tana tsaye a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, kaji na kwana a bayanta. Na zuba mata mai, na ari batir, ta yi tari ta tashi. Na fito da ita ta get lafiya lau don in gwada, ban yi nisa ba tayoyin baya suka hau juyawa a wuri ɗaya suna watsa wa katangar mutane taɓo. Da igiya da ƙartin layi aka jawo ta gida da baya, ina zaune a sitiyari ina cizon yatsa.

Cikin masu jan igiyar akwai maƙwabcinmu na jikin katanga, dattijo daga kudancin Borno wanda ya yi shekaru yana tuƙa motar cocinsu a kan duwatsun ƙasarsu. Baba Direba muka taso muna ce masa. Shi da Baa sun daɗe suna zaman shayi tare suna musu a kan motoci. Ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Malam," in ji shi, haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "injin nan bai mutu ba. Ƙafa biyu ne ya yi mata kaɗan. Mu sa mata ogzilari, giyar da za ta sa ta riƙa ja da tayoyi huɗu."

"A nan gidan?"

"To a ina? Za ka ɗauke ta a kujera ka kai gareji ne?"

Na so in ji haushi, dariya ta riga ni.

A wurin 'yan gwangwan muka samu ƙanwarta, iri ɗaya sak amma mai ja da ƙafa huɗu, wadda haɗari ya murƙushe mata kai ya bar ƙarƙashin lafiya. Muka kwance aksul na gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, da giyabos haɗe da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfin inji gaba da baya, da farfela mai kai juyin inji ga tayoyi, da sifirin. Baba Direba ya ce mu haɗa har da aksul na baya, don in haƙoran gaba da na baya ba su zo ɗaya ba motar za ta yi ta faɗa da kanta. A amalanke aka turo kayan daga bakin kwalta, masu turin suna tsine wa layinmu.

Muka ɗora motar a kan bulo da guntayen katako. Ni in na taso daga makaranta sai in tuɓe in shiga ƙarƙashi, shi kuma ya zauna a kan benci yana ba da umarni, in abin ya gagare ni ya shigo yana nishi yana ambaton bayansa. Ran Lahadi sai ya dawo daga coci muke farawa, ran Juma'a kuma shi ke jirana. Notunan nan tsatsa ta haɗe su da ƙarfe, sai mun jiƙa su da baƙin mai mun sa bututu a hannun sifana. Wani ya kuɓuce ya ɗauke mini fatar yatsa, na wurgar da sifana ta bugi randar Iya. Randar ta tsira, ni ne ban tsira daga bakinta ba. Mai walda ya zo da janaretansa ya liƙa mazaunin sifirin na gaba, muka huda ƙasan motar kusa da giya don ƙaramin sandan ogzilari ya samu wurin leƙowa.

Baa bai taɓa tambayar me muke yi ba. Tagarsa dai a buɗe take kullum. Wata rana ina ta dukan wani ƙarfe da guduma sai na ji muryarsa daga ciki: "Wannan ba duka yake so ba, juya shi." Na juya shi ya shiga. Baba Direba ya ƙifta mini ido.

Ana cikin wannan aiki aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Layinmu kowa ya samu ɓaraguzai sai ya zuba a ƙofarsa, har hanya ta fi tsofaffin gidaje irin namu tudu, ruwa kuma ba ya hawa sama. Ya shigo ta ƙarƙashin get, ya cika tsakar gida, ya shiga ɗakin girki ya jiƙa wa Iya buhun gero da tabarmi, ya tsaya a bakin ɗakin Baa. Washegari Iya ta aika aka kira magini. Ta sa ya gina tudun siminti daga wannan ginshiƙin get zuwa wancan, irin wanda kusan kowane gida a unguwar yake da shi, wanda ake ɗaga ƙafa a tsallake. Ni na ɗauko simintin da kaina. Baba Direba ya tsaya a kan magini ya ce a ƙara masa tsayi, kuma a yi masa gangara ciki da waje saboda mota. Muka yaba aikin, muka koma ƙarƙashin motarmu. Ruwa na gaba da aka yi, ko ɗigo bai shigo ba, Iya ta yini tana fara'a.

Ran da muka sauke motar daga kan bulo na ja da baya na dube ta. Ta ƙara tsayi sosai, ta miƙe kamar raƙumi ya tashi daga gwiwa. Muka ɗaga ta a jak, na ja ƙaramin sanda, tayoyi huɗu suka juya tare. Baba Direba ya cire hula ya yi godiya ga Allah da yarensu, ni ma na yi da nawa. Aka buɗe get, na sa giya, tayoyin gaba suka fara hawa gangarar tudu. Sai na ji ya ƙwala ihu yana dukan ƙofa: "Tsaya! Tsaya, Malam!"

Rufin motar saura kaɗan ya daki kan get. A saman get ɗinmu akwai dogon siminti mai rodi a ciki, kuma shi ke ɗauke da rufin zaure. Mun ɗaga mota daga ƙasa, mun ɗaga ƙasa daga ƙarƙashin mota, kuma babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi sama. Kullum muna tsallake tudun nan da sifana a hannu. Muka sace iskar tayoyi har suka kwanta, bai isa ba. Muka kwance ƙarfen da ke bayan kai, bai isa ba, don rufin ne da kansa yake tokarewa.

Na fito na zauna a kan tudun, raina ya ɓaci iya ɓaci. Na ce wa Baba Direba ai shi ya ce a ƙara tsayi. Ya ce ni kuma da na ɗauko siminti idona a aljihu yake? Muka yi ta yi kamar yara. Maƙwabta suka taru, kowa da shawararsa, har da mai cewa a yanke rufin motar. Magana dai ɗaya ce: saman get ba ya taɓuwa sai zaure ya rufto, saboda haka tudu ne zai tafi. In tudu ya tafi kuwa, ga damina a tsakiyarta, ruwa zai dawo ɗakin Iya. Ban iya buɗe baki na faɗa mata ba. Matar nan tun ina yaro nake ganinta tana kwalfar ruwa duk damina, sai bana ta samu ta huta.

Tana tsaye a ƙofar ɗakin girki tana jin mu. Ta shiga ciki, ta fito da taɓarya, ta zo ta miƙa mini.

"Iya, ruwa fa zai shigo."

"Na san hanyarsa, ya san tawa," in ji ta. "Ruwa ina da kwanon kwashe shi. Hannun babanka da me zan kwashe? Fasa."

Taɓarya ba ta fasa siminti, amma ban ce mata haka ba. Da ita na kai dukan farko, sannan aka kawo babbar guduma. Maginin nan ya yi aiki tsakaninsa da Allah, sai da muka jiƙe da gumi kafin tudun ya ba da kai.

Da safe muka mayar wa tayoyi iska, na juya motar na kawo ta daidai ƙofar ɗakin Baa, har inuwarta ta rufe masa taga. Na shiga na ce, "Baa, mota ta zo." Ya juya kai ya dubi taga. Sannan ya ce a ba shi rigarsa. Ni da Baba Direba muka tallafe shi taku kaɗan, ya zauna a gaba, ya shafa dashbod da hannun hagu.

Muka fita get rufi bai taɓa komai ba. Na ja ƙaramin sanda, motar ta sa ƙafa a caɓi. Na ji ta nutse kaɗan, ƙafata ta nemi danna mai.

"Kar ka taka," in ji Baa. "Bar ta ta yi tafiyarta."

Na bar ta. Tana gurnani a hankali, tana jan jiki, gaba na ja baya na turawa, taɓo na fita ta gefe. Muka wuce inda keke ke juyawa, muka wuce kwatamin da ya fi ko'ina zurfi. Mutane suna ƙofofinsu suna ɗaga hannu suna yi masa sannu da Barbarci, "Wushe, Alhaji!" Baa yana gyaɗa musu kai daga sama. Da tayoyi suka hau kwalta sai da na tsaya a gefen hanya na kifa goshi a kan sitiyari. Baba Direba ya ƙwanƙwasa gilashi daga baya ya ce in cire ogzilari, ba a tafiya da shi a kwalta, kafin in kashe masa aiki.

A asibiti mai gashin ƙashi ta yi mana faɗa sosai a kan makonnin da muka ɓata. Ta kama yatsun tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, Baa yana cije baki. Ta ce sun yi tauri amma ba su ƙage ba, in an dage za a samu abin da za a samu. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba, har mutanen gadon kusa suka waiwayo.

Muna can hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa. Ko da muka dawo, tsakar gida ta zama tafki. 'Yan buhunan yashin da na jera a bakin get ruwa ya bi ta kansu. Iya tana tsaye a ciki har idon sawu, ta ɗaure zani a gwiwa, tana kwalfa da kwano tana zubawa a bokiti. Ta ga mun shigo ta miƙe, kwanon a hannunta yana ɗiga. Ba ni ta kalla ba, shi ta kalla, kuma ta kasa tambaya.

Baa ya sauke gilashi da hannun hagu. Ya dubi ruwan, ya dube ta.

"Hajja," ya ce, "ranar Alhamis ma za mu koma. Ki nemi babban bokiti."

Iya ta sa gefen mayafi ta share fuska. Ta ce to ya zauna a motar tukuna, kar a sauke shi sai ta buɗe masa hanya, ta sunkuya ta ci gaba da kwalfa.