Jan Fenti a Jikin Gawo

Har yau ban manta da ranar da na shafa jan fenti a jikin itatuwan da na rena da hannuna ba. Ku da kuka shigo aikin gandun daji a baya-bayan nan kuna yawan tambayata abin da ya fi tsaya mini a rai cikin aikin. To, ga shi, amma ku sani tun yanzu ba labarin bajinta ba ne.

Sai na ɗan koma baya. A zamanin tsuke bakin aljihu aka turo ni ƙasar Gwarzo, ina mataimakin malamin daji, wato ƙaramin jami'in da ke kula da wurin renon itatuwa da leburorinsa. An gama ginin wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo, aka ce mu ƙawata harabarsa. Zanen da aka aiko mana daga birni abin sha'awa ne: ciyawar Turawa, furanni ja da ruwan ɗorawa, da famfo mai feshi a tsakiya. Matsalar ɗaya ce, ko tankar ruwa babu, motar ofis kuwa ta yi wata da watanni a kan duwatsu don rashin taya.

Babban leburanmu a lokacin Baba Ilu ne, mutumin Kutama, wanda ya girmi mahaifina. Na shimfiɗa masa zanen, ya duba a juye, ya miƙo mini.

"Malam, waɗannan furannin 'yan gata ne. Wa zai riƙa yi musu wanka safe da yamma?"

"To, Baba, yaya za mu yi? An ce kafin damina a ga kore."

"Mu nemi 'yan gida, waɗanda suka saba da yunwar garin."

Haka aka yi. Muka kafa aguwa ta zama shinge, muka jera lalle a gefen hanyar shiga, muka sa tsamiya biyu a bakin ƙofa. Muka sari reshen cediya muka kafa kusa da wurin salla, muka dasa ciyawar jema inda ruwa ke zaizaye ƙasa, zogale kuma a bayan gidan ma'aikata. Amma abin da ya fi koya mini aiki shi ne yammacin ɗakin awon masu ciki. Wurin tsohuwar makiyaya ce, tohon gawo ya fito nan da can, ni kuwa na ce a sassabe a haƙa ramuka. Baba Ilu ya riƙe hannun mai adda.

"Gawo ba shuka shi ake yi ba, Malam. Akuya ta riga ta shuka mana. Namu kawai mu bari."

Ya zaɓi toho bakwai, a kowanne ya rage reshe ɗaya mafi ƙarfi, ya kewaye shi da ƙayar magarya don kada dabbobi su cinye. Ko tulu ɗaya na ruwa ba su ci mana ba. Bayan Baba Ilu ya yi ritaya ni na ci gaba da yi musu aski duk shekara, har suka zarce rufin asibitin.

Ga wanda bai tashi a karkara ba, gawo yana da wata ɗabi'a da ta saɓa wa sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke taƙama da ganye, shi sai ya zubar da nasa ya tsaya tsirara, fari fat, kamar busasshe. Sai ruwa ya ɗauke yake fitar da ganye, ya riƙe shi har ƙarshen bazara. Saboda haka a watannin da rana ke dafa ƙwaƙwalwa, matan da suka tako daga Mainika da Sabon Birni don awo, a ƙarƙashin gawon nan suke shimfiɗa tabarmi. Ban taɓa wucewa ta wurin na gan su ba tare da na ji daɗi a raina ba.

Shekara goma sha wani abu ta wuce. Na zama malamin daji, duk izinin sare itace a yankin da sa hannuna yake fita. A daminar da aka fara aiki da shari'a sai aka kawo wa asibitin sabon jami'in mulki, Alhaji Nasiru, haifaffen cikin birni, matashi, mai tsafta da kiyaye lokaci. An umarce shi ya ware wurin jiran mata daban da na maza, ya yi musu rumfa mai sutura. Ana tsakiyar marka sai ga takardarsa a kan teburina. Ya rubuta cewa akwai matattun itatuwa bakwai a yammacin ɗakin awo, yana neman a sare su.

Tsarin aiki a bayyane yake. Idan aka nemi sare itace a filin hukuma, malamin daji zai je ya duba da idonsa. In matacce ne ko yana barazana ga gini, sai ya shafa masa jan fenti, ya cika takardar izini, ya buga hatimi. In da rai, sai ya mayar da amsa a rubuce ya faɗi dalili. Layi uku sun ishe ni in rubuta.

Amma da na karanta kalmar "matattu" sai na yi tsaki. Na ce a raina, wane Bahaushe ne bai san gawo ba? Wannan dai wayo ne. Gawo itacen turmi ne, tabbas mutumin nan ya shirya da masassaƙa, yana neman hatimina ne kawai ya rufe ɓarna. Na kuma ji ana cewa yana da manya a sama, mai uwa a gindin murhu kuwa ba ya cin tuwonsa gaya. Ga shi ana ta raɗe-raɗin rage ma'aikata, ni kuma saura shekara uku in yi ritaya. Ban ɓoye muku ba, tsoro na ji, sai na sa masa rigar ladabi.

Ranar Talata na je asibitin. Muka gaisa da Alhaji Nasiru a ofishinsa, gaisuwa mai tsawo, da gajiya da iyali da ruwa da sabon wuri. Ya tashi da kansa ya ba ni kujera.

"Malam Hamisu, ka ga takardata?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Ina so a yi da wuri, don Allah. Abin yana damuna."

"In Allah ya yarda, ranka ya daɗe."

Iyakar abin da na ce ke nan. Na fita da gwangwanin fenti na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai gadin asibitin, wanda ya shuka gyaɗa a ƙarƙashinsu, yana tsaye yana kallona bai ce uffan ba. Ashe shi ma lissafin da na yi shi ya yi: tunda malamin daji da kansa ya shafa fenti, akwai abin da manya suka sani. Masu saran da aka ɗauko ranar Alhamis, su ma manoma ne, sun san ɗanye sun san busasshe tun kafin su ɗaga gatari. Babbansu ya dubi fentin, ya dube ni, ya ce, "Bismillah," suka fara da mafi girma, wanda ke daidai tagar ɗakin awo.

Ina tsaye ina kallo. Wajen hantsi ya faɗi, ƙasa ta girgiza, ƙamshin ɗanyen itace ya cika wurin.

Ƙarar faɗuwar ce ta fito da Sista Saratu, unguwarzomar asibitin, mutuniyar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe a ƙauyen har rabin yaran garin a hannunta aka haife su. Ta dawo daga hutu ne a safiyar, ba ta san abin da ake ciki ba. Ta fito da safar hannu ba ta ko cire ba.

"Malam Hamisu! Lafiya? Me itacen nan ya yi muku?"

Na ce, "Umarni ne, Sista."

"Umarnin wa?"

Daidai nan Alhaji Nasiru ya ƙaraso. Ya ce, "Nawa ne, Sista. Sun mutu. Ina tsoron reshe ya karyo a kan mai ciki. Ga iska, ga ruwa. In wani abu ya faru me zan ce wa Allah?"

Sista Saratu ta dube shi, ta ga da gaske yake. Ta sassauta murya.

"Yallaɓai, gawo ne fa. Haka yake yi da damina. Barci yake, bai mutu ba. Ka bari a yi girbi ka gani. Da bazara in babu inuwar nan, kwanon rumfarka gasa matan nan zai yi."

Ya tattara babbar rigarsa ya tsuguna a gaban kututturen, ya ɗora tafin hannunsa a kai. Ya ɗago hannun, ga danshi. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ɗanye ne," ya ce, kamar mai magana da kansa. Sannan ya juyo gare ni. "Malam Hamisu, ka san da rai?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ya dubi mai gadi, ya dubi masu sara. Kowa ya sunkuyar da kai.

"Duk kun sani. To, me ya sa ba wanda ya faɗa mini? Ni a Kano na tashi, a lungu, bishiyar da na sani darbejiya ce. Ai don ban sani ba na rubuto wa masani."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A shekarar nan ba wa'azin da za ka zauna ba ka ji an ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya ba, ni kuma ina gyaɗa kai tare da kowa. Ga shi na ɗauki mutum ɓarawo, alhali tausayin matan ne ya hana shi sukuni. Nawa zaton ma ko gaskiya bai zama ba. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba, ko a gaban surukaina.

Nan take ya sallami masu sara. Ya ce in soke takardar izinin, in rubuta masa bayanin kowace bishiya da ke harabar: sunanta, lokacin ganyenta, da abin da ba ta so. Na rubuta, muka zaga tare yana tambaya kamar ɗan makaranta. Ko da muka zo kan aguwa na ce masa ruwanta yana ɓata ido, sai ya sa aka matsar da wurin wasan yara. Rumfar mata kuwa, maimakon kwano, zana aka kewaya wa gawo shidan da suka rage, aka yi ƙofa ta ɓangaren ɗakin awo. Sutura ta samu, inuwa ta tsira. Sai dai tagar ɗakin, wadda babban yake karewa, tun daga lokacin rana take dukanta daga azahar har la'asar sakaliya. Sista Saratu ta rataya tsohon bargo a wurin, kuma duk zuwan da zan yi sai ta nuna mini shi da baki.

Fentin bai goge ba. Na kankare abin da zan iya, amma jan ya shiga ɓawo, ya yi shekaru ana ganinsa.

Bayan sati biyu na hau babur na tafi Kutama, don na san labari zai kai wa Baba Ilu, gara ya ji daga bakina. Na same shi a zaure, ido ya yi rauni, yana tufka igiya da lalube. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Na gaya masa an sare babban gawon asibiti, wani sabon jami'i ne ya ɗauka ya mutu.

"Allah sarki. Baƙo ne?"

"Ɗan birni ne, Baba."

"To, baƙo ai makaho ne ko da yana da ido. Ka faɗa masa ya ƙi ji?"

Na kama wasa da makullin babur. Ya dakata da tufkar.

"Malam, ka faɗa masa?"

"Ban faɗa ba, Baba."

Ya ci gaba da murza igiyarsa. Can ya ce, "Ashe ba shi ya sare ba."

Ya sa aka kawo mini fura, na sha don kada in ƙi.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Aikinmu ba dasa itace kaɗai ba ne, har da yi masa magana, domin shi ba shi da baki. Za ku yi aiki a ƙarƙashin mutanen da suka fi ku muƙami amma ba su san gawo ba, ba su san lokacin da kanya ke 'ya'ya ba, kuma yawancinsu ba mugaye ba ne, rashin sani ne kawai. Mu mutanen karkara muna da wata cuta: abin da muka tashi muka tarar, gani muke kowa ya san shi, saboda haka in babba ya yi kuskure sai mu ce da gangan ne, mu yi shiru, mu koma gefe muna gunaguni. Ku durƙusa in za ku durƙusa, ku ce ranka ya daɗe sau goma in kuna so, amma ku faɗi abin da kuka sani kafin a ɗaga gatari. Ni na yi ladabi na minti biyu a ofis, matan ƙauyuka uku suna biyansa da gumi duk bazara.